Kwabban Rum a Bokitin Surukina

Brestinci, 7 ga Oktoba, 1984

Zuwa ga mijina Ratko,

Gaisuwa mai yawa daga gare ni da 'yarmu Tijana. Yaya aikin hanya, yaya zafin Libiya? Ina fata ciwon bayan nan ya sake ka, kuma kana shafa maganin da na cusa maka a jaka. Mu nan lafiya lau. An gama yankan inabi, ya yi albarka bana, Tijana kuma ta koma makaranta da sabon takalmin da ka aiko, ko da yake ya yi mata yawa.

To ka nemi wuri ka zauna, domin maganar mahaifinka ce.

Ranar Juma'a na dawo daga gidan tarihi da yamma, na tarar da Baba Obrad a tsakar gida, da bokitin da muke jiƙa kabeji a tsakanin ƙafafunsa. Gida duk ya game da warin ruwan tsami. Na leƙa bokitin. Kwabban tagulla ne na zamanin Rum, kusan rabin bokiti, ya jiƙa su, yana ɗauka ɗaya bayan ɗaya yana gurzawa da soson ƙarfen da nake wanke tukunya.

Ratko, ka san aikina. Ka san yadda nake wuni a ɗakin nan mai sanyi ina lallaɓa kwabo guda da tsinke da ruwa mai tsabta, don kawai in ga fuskar sarkin da ke jiki in karanta sunansa. Koren nan da ke lulluɓe da su shi ne fatarsu. In ka kankare shi, fuska da rubutu sun tafi tare.

Na ce, "Baba, me kake yi haka?"

Ya ce, "Taimaka miki nake yi, 'yata. Sun yi datti." Ya ɗago guda ya nuna mini, sumul, yana ƙyalli kamar maɓallin riga. "Kin gani? Kamar sabo."

Ban san lokacin da na fizge bokitin na zubar da ruwan na yi ta ɗauraye su a famfo ba. Da hankalina ya dawo na tambaye shi inda ya same su. Ya ce a ƙasa. Na ce wace ƙasa? Ya ce wadda muke takawa. Na yi masa bayani a hankali, kamar yadda nake yi wa 'yan makaranta in sun zo ziyara, cewa kwabon da ba a san inda ya fito ba rabin labarinsa ya ɓace, kuma doka ta ce duk wanda ya tono irin wannan sai ya kai rahoto, ni ce kuwa wadda ake kawo wa rahoton a wannan yanki. Ya ce to ai ga shi ya kawo mini, har gida. Ki rubuta a gonata, in ji shi. Na ce ina a gonar? Sai ya ɗora hularsa ya tafi ba aladu abinci.

Ba shi ke nan ba. Da dare Tijana take gaya mini tun kafin yankan inabi ya same su, ya ɓoye a ɗakin giya, kuma duk wanda ya zo gaishe shi sai ya damƙa masa 'yan kaɗan a hannu, kamar mai rabon alewa. Rabin ƙauyen nan yanzu suna yawo da aikina a aljihu.

Don Allah ka rubuta masa. Kai kaɗai yake ɗan saurara, shi ma don kana nesa ne. Ka ce masa ba wanda zai ƙwace masa komai, wurin kawai nake so.

Ka kula da kanka, ka riƙa rufe kai in rana ta take.

Matarka,
Radmila

Brestinci, 28 ga Oktoba, 1984

Ratko nawa,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya kai da abokan aikinka. Wasiƙarka ta iso tare da hoton. Ka rame, kuma gemun nan bai yi maka kyau ba, ka aske shi. Ka ce in bi tsoho a hankali. Na gode da shawara. Daga Libiya komai da sauƙi yake.

Tun da na rubuta maka nake bin gidaje ina karɓo kwabban in na taso daga aiki. Limamin coci ya ba ni nasa, amma sai da na saurari tarihin hasumiyar cocin tun daga tushe. Wanzami ya jefa nasa cikin kofin da yake tsoma matsefi. Matar mai gidan burodi ta huda nata ta rataya wa jikarta a wuya, hudar kuwa ta bi daidai ta kan 'yan haruffan da ke ƙarƙashin hoton, waɗanda ke faɗin garin da aka buga kwabon. Duk faɗin kwabon nan, nan ta ga damar hudawa.

Mafi muni a gidanmu yake. Ka tuna rufin ɗakin kaji da ke yoyo? Baba ya gyara shi. Ya huda kwabbai ya sa kowanne a ƙarƙashin kan ƙusa don kada ruwa ya bi. Na hau tsani da siket ɗin aiki, da filaya a hannu, maƙwabta sun jeru a bakin shinge suna kallo, shi kuma yana ƙasa yana cewa, "In ruwa ya zubo wa kajin nan, ke za ki kwana da su."

Waɗanda ke ƙasan bokitin, da hannunsa bai kai gare su ba, sun tsira. Ina auna nauyin kowanne da faɗinsa, in duba shi da gilashin ƙara girma, in rubuta masa katinsa. Yawancinsu na Sarki Konstantiyus na Biyu ne, a bayansu soja yana sukar mahayin da dokinsa ya faɗi. Wasu a nan yankinmu aka buga su, wasu a garin Sisak. Kuɗin talaka ne, canjin kasuwa, ba zinariya ko ɗaya. Na gaya wa Baba haka, ya dube ni kamar wadda ke shirin cutarsa.

Ina ta tattarawa a ɓoye da niyyar in kai komai a kammale, sai mai kai wasiƙu ya ɓata mini shiri. Ya shiga gidan tarihi da nasa a tafin hannu yana tambayar mai gadi ko zai saya masa babur. Kafin azahar shugabarmu, Madam Leposava, ta kira ni ofis. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta ce kafin ƙarshen Nuwamba tana son rahoto a teburinta, da ainihin wurin da aka samo su. In babu, dole ta sanar da 'yan sanda, kuma ba za ta iya kare ma'aikaciyar da aka ɓoye kayan tarihi a ɗakin girkinta ba. Ka ji inda muke: ko mahaifinka ya buɗe baki, ko ya kwana a hannun hukuma ni kuma in rasa aiki.

Wurin kuma na gano shi, ba ta bakinsa ba. Jiya a kasuwa Inna Zorka, matar Baffa Stanimir, ta ja ni bayan rumfar masu barkono, ta zaro ɓallin tsohuwar tukunya daga aljihunta. Ta ce, "Kajina suka tono a gindin shingenmu. Shingen nan kuwa, 'yata, ƙafa gare shi. Bara yana can, bana yana nan." Ta ce ba ta gaya wa mijinta ba tukuna, tana tsoron hawan jininsa.

Na hau gonar na gani da idona. Ga sabuwar ƙasa, ga sabon turke. Mahaifinka matsar da shinge yake yi zuwa cikin gonar ƙaninsa, yana haƙa ramin turke ya fasa tukunyar. Shi ya sa ba zai faɗi wurin ba. Mutum biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, ba su yi wa juna magana ba tun rabon gadon kakanka, kuma ni ce zan tsaya a tsakaninsu da igiyar awo.

Kaina ciwo yake yi. Tijana na gaishe ka, ta ce ka kawo mata dabino.

Taka,
Radmila

Brestinci, 25 ga Nuwamba, 1984

Zuwa ga Ratko,

Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya. Mu ma jikinmu lafiya. Sanyi ya shigo, na sa an kawo itace.

Na daɗe ban rubuta ba don ina fushi da kai, gara in faɗa maka tun daga farko. Ka rubuto cewa 'yar tazarar ƙasa ba abin da za a raba gida a kanta ba ne, in rubuta abin da tsoho ke so a wuce wurin. Ashe kai ma haka ka ɗauki aikina, rubutun da ake matsarwa kamar shinge. Da na gama karantawa na ɗauki tukunyar da na riga na wanke na sake wanke ta, har Tijana ta tambaye ni ko lafiya.

Na sami Baba shi kaɗai a ɗakin giya na gaya masa na ga turken. Ya yi ta juya murfin ganga. Can ya ce, "Ki ɗan matsar da ɗigon nan naki mai nuna wurin a takarda zuwa gefena. Wa zai sani? Rumawan sun mutu." Na ce masa safiyo, mai awon filaye, zai zo ya auna, kuma gindin tukunyar na nan a cikin ƙasa inda ya bar shi. Na ce ko da ba wanda zai zo, ba zan sa hannu a kan ƙarya ba, domin wani zai karanta bayan na mutu ya ɗauka gaskiya ce. Sai ya ce, "A gidana kike ci, a gidana kike kwana." Tun da ka kawo ni gidan nan bai taɓa gaya mini irin wannan ba. Ta yi mini ciwo, har yanzu tana yi.

Ranar da muka zo daga gidan tarihi tonon wurin, ƙauyen nan kaf ya hau gona, har da masu kujeru. Madam Leposava ta zo da takalmi mai tsini tana nutsewa a laka. Safiyo ya nemo tsohon dutsen iyaka ya ja igiyarsa daga nan, ramin ya faɗa cikin gonar Baffa, ba ko tantama. Ya juyo gare ni da alƙalami ya ce sunan wa za a sa, mai gona. Baba na tsaye a gefe yana kallona. Na ce, Stanimir.

Ka san abin da ya biyo baya? Wani ya riga ya raɗa wa Baffa cewa hukuma ƙwace duk gonar da aka sami kayan tarihi take yi. Sai ya yi tsalle ya ce wa safiyo, "A'a, malam! Dubi shinge mana, gonar mutumin can ce!" Baba kuma ya ce wa safiyon, "Gaya masa tun yaushe yake ihu tasa ce. Yau ya riƙe abarsa!" Ƙasar da suka ƙare ƙuruciyarsu suna gaba a kanta, ga su kowa na tura wa ɗan'uwansa. Mutane suka yi ta dariya, wanzami har da riƙe ciki. Ni kuwa ina durƙushe a cikin rami da burushi, ji nake kamar in ja ƙasar in rufe kaina.

Madam Leposava ta ɗaga hannu ta ce ba mai ƙwace gonar kowa, za mu tona mu mayar da ƙasa mu tafi. Da Baffa ya ji haka sai ya natsu. Ya tafi wurin sabon turken, ya girgiza shi ya tumɓuke da hannunsa, ya jefar a gaban ƙafafun yayansa, a gaban kowa. Dariya ta tsaya cak. Baba ya dubi turken, ya dube ni, ya juya ya gangara shi kaɗai. Ban taɓa lura ya tsufa haka ba sai da na ga bayansa ranar.

Tun daga nan ya kwashe bargonsa ya koma bukkar gona. Abincin da na aika a rufe yake dawowa. Ga sanyin nan, ga tarinsa.

Aikin dai ya yi kyau, in hakan zai faranta wa wani rai. Gindin tukunyar na nan daram, cike da kwabbai sun manne da juna, ba wanda ya taɓa su da ruwan tsami, har da ɗan ƙyallen da aka ƙunshe su a ciki. A irin wannan tarin, kwabon da ya fi kowanne sabunta shi ke faɗin lokacin da aka binne, tun da mutum ba zai binne kuɗin da ba a buga ba tukuna. Mafi sabunta a nan na Sarki Balens ne, wanda a ƙarshen zamaninsa yaƙi ya ƙetaro kogin iyaka ya shigo yankin nan. Wani talaka ya tattara canjinsa ya tura a ƙasa ya gudu, bai dawo ba. Na kai rahoto, aikina ya tsira, ba wanda ya kira 'yan sanda. Gidan ne dai ya yi shiru.

In za ka rubuta masa, kada ka ambace ni. Ka ce masa kawai ya dawo kusa da murhu.

Matarka, duk da haka,
Radmila

Brestinci, 16 ga Fabrairu, 1985

Mijina abin ƙaunata,

Gaisuwa da kewa mai yawa. Yaya jiki, yaya gajiya? Na karɓi wasiƙarka ta ban haƙuri, na kuma haƙura, ko da yake rabinta labarin injin da ya lalace ne. Tijana ta yi mura ta warke. Dusar ƙanƙara ta rufe hanya har bas ya daina zuwa na ɗan lokaci.

Ƙanƙarar ce ta koro Baba daga bukka, ba wasiƙarka ba, kada ka yi alfahari. Ya dawo amma ba ya yi mini magana. Muna zaune a tebur ɗaya zai ce wa Tijana, "Gaya wa uwarki gishiri ya yi yawa." In Tijana ba ta nan, kyanwa yake gaya wa. Haka muka yi Kirsimeti.

Ni kuma na duƙufa a kan aiki. Na gama katunan duka, har na waɗanda ya gurje, da na rubuta musu "ba ya karantuwa" ina cizon haƙora. Na rubuta cikakken bayani a kan tarin, na nuna an binne shi a ƙarshen zamanin Balens, na aika Belgrade, suka karɓa za su buga a mujallar masana. Karo na farko ke nan da sunana zai fito shi kaɗai a saman shafi. Aka kuma shirya kwabban a akwatin gilashi a babban zaure, da gindin tukunyar a tsakiya.

Ranar Talata mai gadi ya leƙo ɗakina ya ce wani tsoho ya daɗe tsaye a gaban sabon akwatin, ya ƙi matsawa 'yan makaranta su gani. Na fita. Mahaifinka ne, da kwat ɗinsa ta zuwa coci, ya shigo bas shi kaɗai bai gaya wa kowa ba. Yana bin katin bayani da yatsa a kan gilashi, inda aka rubuta cewa Obrad ya samo, a gonar Stanimir.

Bai juyo ba ya ce, "Sunana ne a gaba."

Na ce, "Kai ka samo, Baba."

Ya ce, "Haruffan nasa sun fi nawa kauri."

Na ce, "Inji ɗaya ya buga su."

Maganarsa ta farko da ni ke nan tun ranar gona. Na ce ya zo ya sha kofi. Ya biyo ni ɗakina ya zauna a bakin kujera da hula a gwiwa, yana kallon sikeli da tsinkayena. Na sa masa kwabo ɗaya mai kyau a ƙarƙashin gilashi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ashe mutum ne sosai a jiki. Har da ido." Ya ƙara dubawa ya ce hancin irin na Stanimir ne.

Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da hankici a ƙulle, ya kwance a hankali, ya ajiye mini kwabo ɗaya a tebur, da ƙasarsa a jiki. Ya ce, "Wannan ban wanke ba. Shi ne a saman tukunyar. Ratko na ajiye wa, amma ke kika san abin da za a yi da shi." Ratko, sai da na juya na yi kamar ina neman wani abu a kabad, don kada ya ga idona.

Yana shan kofinsa na ɗauki tsinke na fara ɗaga ƙasar. Fuska ta fito tsaf, haruffa suka biyo ɗaya bayan ɗaya. Na karanta, na goge gilashin, na sake karantawa. Tiyodosiyus. Sarkin da bai hau mulki ba sai bayan Balens ya mutu. Ma'ana ba lokacin da na ce aka binne tukunyar ba, sai daga baya. Bayanin da na ƙare sanyin nan ina rubutawa, wanda ke hannun masu bugawa a daidai wannan lokaci, ƙarshensa duk ya rushe, kuma abin da ya rushe shi yana aljihun surukina muna cin abinci a tebur ɗaya.

Na buga waya Belgrade a gabansa. Mutumin mujallar ya yi ta faɗa har sai da na nisanta wayar daga kunnena. Ya ce sun riga sun jera shafukan, yanzu sai fitowa ta gaba, in na gyara a kan lokaci. Katin zaure ma sai an sake. Madam Leposava ta dube ni ta dubi Baba ta fita. Shi kuwa yana zaune yana murmushi, ya ga kyautarsa ta tayar da gidan gaba ɗaya, ya ɗauka don darajarta ne.

Na ajiye wayar na durƙusa a gabansa na kama hannunsa. Na ce, "Baba, don girman Allah, ka gaya mini gaskiya. Akwai saura?"

Ya shafa aljihun dama, ya shafa na hagu, ya yi ɗan tunani. Ya ce, "A wannan kwat ɗin dai babu."

Tare muka koma gida a bas. Da yamma na dafa masa wake da busasshen nama, ya cinye ya nemi ƙari, da bakinsa, ba ta hannun kyanwa ba. Gobe Lahadi, yana fita coci zan zazzage duk wata riga da wando da ya mallaka.

Ka gaida abokan aikinka. Ka dawo mana lafiya, ka zo ka karɓi ubanka.

Matarka mai kewarka,
Radmila